Saiwar da Ta Sha Ruwan Alwala

Ranar kasuwar Waca da ta wuce na jera shuke-shukena a gindin dogon yaro, sai ga wasu samari 'yan kabu-kabu sun zo shan inuwa. Ɗayansu ya dubi ledojin shukar ya ce, "Baba Isufu, wallahi kai ka more. Mu muna can muna kokawa da rairayi, kai kana inuwa kana sayar da ciyawa." Suka kwashe da dariya. Ni ma na taya su, don inuwar dai ina cikinta. Na ce masa ya zo garka ya yi mini bazara guda, in ya fita da bakin nan nasa na bar masa garkar. Har yau ban gan shi ba. To tunda ba za ku zo ba, ku samari, bari ni in kawo muku garkar inda kuke.

Aikin farko da aka sa ni a sana'ar nan yasar rijiya ne. Ina saurayi mahaifinmu ya kai ni wurin Baba Ɗan Jimma, wani tsoho da ya daɗe yana aikin garka a gidajen Turawa a Damagaram, sannan ya dawo gida ya kama wani yanki a fadamar Waca. Rijiyar fadama ba ta da zurfi, amma rairayi ce, kullum cikin zubewa take. Ina ciki ina kwasar laka da ƙwarya ina miƙo masa, shi yana sama yana gaya mini ban iya riƙon ƙwarya ba. Daga nan aka mai da ni kan jigo. Wanda bai ja jigo ba bai san yana da baya ba. Sai kuma saran ƙaya da gyaran shinge, don akuyar Waca in ta ga kore ba ta san haram ba. Na yi damina na yi rani ban taɓa ganye ko ɗaya ba, in ba ciyawar da zan cire ba.

Kayan aikin Baba ba su da yawa. Akwai 'yar hauya mai gajeriyar ƙota, da wuƙar da wasawa ta cinye har ta zama siririya, da arozuwar ta ƙarfe mai zuba ruwa kamar yayyafi, wadda maƙeri ya gaji da liƙinta, da gwangwanayen tumatir da muke hudawa mu reni shuka a ciki, don lokacin leda ba ta yawaita ba. Babban kayan aikin kuwa yatsa ne. Kafin in zuba ruwa sai na soka yatsa a ƙasa na gaya masa abin da na ji. In na ce ta bushe alhali saman ne kawai ya bushe, sai ya ce, "Kai da ƙasa wa ya fi sanin ƙishirwarta?" Yanzu akwai motofom, injin ban ruwa, ni ma ina da guda, kuma ba na raina ta, ta hutar da ƙuguna. Sai dai ita ruwa kawai ta sani, ba ta san ya isa ba.

A ƙuryar garkar, inda inuwar mangwaro ke faɗawa da rana tsaka, akwai wata shuka da Baba yake kula da ita fiye da duk sauran. Wata Baturiya da ya yi wa aiki ce ta bar masa saiwarta da za ta koma ƙasarsu. Su suna ce mata famfarnel. Ganyenta ƙanana ne, a jere biyu-biyu a kan siririn kara, bakinsu da tsaga-tsaga. In ka murje ka shinshina sai ka ji ƙanshin gurji, shi ya sa mutanen Waca suke ce mata gurjin Bature. Wajen ƙarshen ɗari takan fid da dogayen tsinkaye, kowanne da ɗan ƙulli ja-ja a kai kamar kan ashana, iska tana kaɗa su. Ba furen da zai kira ka daga nesa ba ne. Sai ka durƙusa kake ganin kyansa, mutanenmu kuwa ba su cika durƙusa wa abin da ba a ci ba.

Abu biyu Baba ya cusa mini a kai game da ita. Na farko, ba ta yin iri a ƙasarmu. Ƙullin yakan bushe, amma in ka shuka abin da ke ciki ba ya tsira, zafi ya yi masa yawa. Saboda haka ba a samun sabuwa sai an raba uwa: da shigowar ɗari a tone gindin, a tsaga shi da wuƙa, kowane yanki da idonsa da saiwarsa. Ba a raba ta da zafi. In kuwa uwar ta mutu ba a raba ba, to ta tafi ke nan, ba kasuwar da za ka samo wata.

Na biyu shi ne halinta na bazara, kuma nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Mu mutanen hatsi ne. Abin da muka sani, a shuka da ruwan farko, a girbe da kaka, a kwashe kara, a saki dabbobi. Duk abin da ya bushe a gona ya gama zamaninsa. Ita ba haka take ba. In zafi ya kama sai ganyenta ya ƙone, ta koma wani ɗan tsumma a ƙasa, amma saiwar tana nan da ranta. Baba yakan ce barci take. Mai barci kuwa ba a tone shi, ba a kuma kwara masa ruwa. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, don dai kar ƙasa ta mutu, in ka cika sai ta ruɓe.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, 'ya'yansa ba mai sha'awar garka, suka bar mini ita ina ba su nasu rabon. Na ci gaba da renon mangwaro da gwaiba da lemo, su ne abincin gida. Furanni kuwa na masu sha'awa ne: mushen lakwal, wato malamin makaranta, da aka kawo daga wani gari yana neman abin da zai sa a ƙofar ɗaki, ma'aikatan asibiti, da Hajiyoyin Magarya masu gidan siminti. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai wata Hajiya a Magarya da ta karɓi famfarnel a hannuna da ɗari, tana cikin fure. Na yi mata bayani har bakina ya gaji, tana cewa to, to. Da bazara ina tsakar ban ruwa sai ga ta ta sauko daga motar haya, da ƙullin zane a hannu. Ta kwance a gabana, ga saiwar an tumɓuke.

"Malam Isufu, tsakani da Allah gawa ka sayar mini?"

"Hajiya, wa ya tone ta?"

"Ni na sa aka tone. Ta bushe ƙayau, in bar ta ta yi mini me?"

Na karya ƙarshen saiwar na nuna mata. Cikin fari ne tas, da damshi. Na ce, "Hajiya, da ranta kika ɗauko ta." Ta duba, ta sake dubawa, sai ta ce ai laifina ne da ban gaya mata ba. Na ce haka ne, laifina ne. A sana'ar nan in kana son gardama da Hajiya, to ka shirya cin furenka da kanka.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ba ta fari ba ce, ta ruwa ce. Marka ta kama, aka yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, fadama ta cika daga sama ta kuma ɓuɓɓugo daga ƙasa. Na je da safe na tarar rijiya da garka sun zama abu ɗaya. Ledoji suna yawo a kan ruwa. Na kutsa har gwiwa ina lalube da hannu a gindin mangwaro. Uwayen famfarnel da na tara duk sun yi laushi, in ka kama sai su narke a yatsa, da wari. Guda ɗaya ce ta tsira, wadda ke ɗan tudu, ita ce kuma asalin uwar da Baba ya bari. Na tono ta da ƙasarta na sa a tsohuwar tasa, na ɗora a ka na hau tudu da ita zuwa gida.

Ruwan bai janye ba a shekarar. Na koma saƙar zana ina kaiwa kasuwar Bande, a haka aka ci abinci. In na sami sarari sai in bi gidajen da na taɓa sayar wa famfarnel ko zan tarar da wata a raye. Wani an canja masa wurin aiki, wanda ya gaje shi ya share fili. Wani tumaki sun shiga, su kuwa tumaki ba abin da suke so kamarta. Sauran duk sun yi irin ta Hajiya. Na dawo na san ta cikin tasar nan ita kaɗai ta rage a ƙasar nan, in dai ba wani ya ɓoye tasa ba.

Gidana a kan tudu yake, rairayi zalla, ka zuba ruwa kafin ka juya ya tafi. Da damina ta ɗauke sai wuya ta fara. Rijiyar tudu tana da nisa da zurfi, kuma matata Rabi ce take ɗaukowa a ka. Rannan ta gan ni ina ɗiba a randa da moɗa zan kai wa tasa.

"Malam, ruwan da nake jidowa da wuyana shi za ka tuttula wa ciyawa? Tumakin nan ma da awo nake ba su."

Gaskiya ta faɗa. Na zuba rabin moɗar na mayar da rabi. Kashegari na dawo daga Bande na tarar da tasar wayam. Kafin in yi magana Rabi ta nuna mini gabashin ɗakina, inda nake zama a kan guntun turmi in yi alwala. Ta haƙa gurbi a nan, ta zuba tsohon takin tumaki, ta dasa uwar, ta kewaye ta da ƙaya.

Ta ce, "Ruwan da kake zubarwa a nan kullum, wa yake sha? Kaji ne. To ga mai sha."

Na durƙusa na soka yatsa. Damshin da na ji shi ne wanda Baba ya yi shekaru yana koya mini: ba jiƙa ba, ba bushewa ba. Ruwa mai tsabta, ɗan kaɗan, yana zuwa a kan lokacinsa daga asuba har lisha, in rana ta juya kuma katanga ta yi inuwa. Ni da na tsufa a garka ban taɓa kawo wannan a raina ba. Rabi ta kafa doka: ba ruwan sabulu, ba ruwan wanke-wanke. Don in kawar da shakka na tambayi limaminmu ko akwai laifi. Ya ce da ma ƙasa ke shanyewa, in wata halitta ta rayu da shi ai sai ƙarin lada.

Ta yi ɗari lafiya lau a wurin. Ba ta yi fure ba, amma ganyen ya yi kore shar. Da zafi ya kama ta kwanta barcinta, ta koma tsumma a cikin ƙaya. Hankalina kwance, don na san halinta.

Ina da wa, Yaya Sani, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomin hatsi ne na gaske, gonarsa ko tsinke ba ka gani kafin ruwa ya sauka, kuma mutum ne da ba ya iya ganin aiki ya wuce. Lokacin sharar gona ya yi, ya zo da safe don ya taya ni gyaran darni, bai san na tafi kasuwa ba. Rabi kuma tana gidan suna. Ya gyara darnin shi kaɗai, ya ga da sauran rana, ya ɗauki hauya.

Na dawo da la'asar na tarar da tsakar gida fes. Yana zaune a tabarma yana fifita da hula. Muka gaisa, sai ya ce, "Na gyara maka wurin alwalar nan. Mutum da girmanka kana zama cikin ƙaya da busasshiyar ciyawa, sai kunama ta harbe ka? Har gindin na sare, taurin tsiya gare shi."

Na dubi wurin. Ƙasa sumul, ga sawun hauya. Ba ƙaya, ba shuka. Amma wana ne, kuma alheri ya zo yi. A gidanmu ƙane ba ya ɗaga wa wa murya, ko da gonarsa ya ƙone. Na haɗiye abin da ya taso mini na ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Muna nan Rabi ta shigo. Ta durƙusa ta gaishe shi daga nesa, don tana jin kunyarsa. Ta juya za ta shiga ɗaki idonta ya faɗa wurin. Ta ajiye gyale ta nufi juji a bayan gida, ta kori kaji, ta shiga tona da hannu. Yaya yana kallonta. Ta dawo da gutsattsari uku a tafin hannu, duk toka, ta ajiye a gabana.

"Isufu, mene ne? Me na yi?"

Na gaya masa. Na gaya masa ta Baba Ɗan Jimma ce, kuma ita kaɗai ta rage.

"Wannan busasshiyar abar?"

Na ɓanɓare gefen guda na nuna masa farin cikinta. Yaya manomi ne, ba sai an fassara masa saiwa mai rai ba. Ya riƙe ta ya daɗe yana juyawa. Ya ce, "Innalillahi. Kuma ka ce mini sannu da aiki?" Na ce ai aikin ya yi. Bai yi dariya ba.

Mun wanke gutsattsarin, na shafa musu toka mai tsabta a inda hauya ta yanka, muka mayar da su gurbi muka yi musu 'yar rumfa da guntun zana. Ban sa rai ba. An raba ta da zafi, da hauya, ta kuma yini a juji. Duk dokar da na sani an karya.

Kashegari da azahar sai ga Yaya da butarsa cike da ruwa daga gidansa. Gidansa kuwa yana can ƙarshen gari, da masallaci a ƙofarsa. Ya zauna a kan guntun turmi ya yi alwala a hankali, yana karkata hannu don ruwan ya faɗa inda ya kamata. Da la'asar ya dawo. Haka ya riƙa yi kullum, ga aikin gona a gabansa. 'Yan unguwarsu suka fara tsokanarsa, wai ko liman ya yi masa laifi. Na ce masa ya huta, nawa da na Rabi sun isa, in ya yi yawa ma ɓarna ne. Ya ce to ni in rage nawa.

Guda ta ruɓe, na tono na yar. Ta biyu gara ta cinye ta, sai ɓawo. Duk ranar da na cire wata Yaya yakan tafi gida ba tare da ya sha furar da Rabi ta dama masa ba. Saura guda, mafi ƙanƙanta, ba ta fi babban yatsa ba. Na daina soka yatsa kusa da ita, don ina tsoron abin da zan ji. Ruwa kuma ya yi jinkiri a shekarar, zafi kamar a bakin murhu. Da aka yi ruwan farko kowa ya fita shuka, na leƙa ban ga komai ba. Aka sake yin wani, shiru. A raina na riga na yi mata ta'aziyya, na fara tunanin yadda zan lallashi Yaya.

Wata safiya ina cikin ɗaki ina neman hula na ji muryarsa a tsakar gida, ƙasa-ƙasa, ba irin tasa ba.

"Isufu. Zo ka duba mini, ko idona ne."

Na fito na same shi a durƙushe, gwiwa biyu a ƙasa, ya ɗaga gefen rumfar. Ganye ne guda biyu, ba su kai ƙwayar wake ba, a naɗe, bakinsu da tsaga-tsaga. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa a garka ba, ko ranar da mangwarona ya fara 'ya'ya. Na miƙa hannu.

Ya buge hannun. "Kar ka taɓa!"

Ni da na ba sana'ar nan ƙuruciyata, manomin hatsi yake hana ni taɓa shukata. Na janye hannuna. Rabi tana bakin madafa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ruwa ya janye daga fadama daga baya, na sake gina rijiya, na sake shinge. Duk famfarnel da kuka gani a ledojina a gindin dogon yaro daga wannan guntun ta fito. Yanzu in mutum ya zo saye ba na tambayarsa ko yana da famfo. Ina tambayarsa inda yake alwala, da kuma ko yana da ɗan'uwa mai son aiki.

Uwar ban mayar da ita garka ba, tana nan gabashin ɗakina, ta yi gindi kamar faifai. Yaya ya tsufa, ƙafa ta yi nauyi, sai da sanda, amma azahar ba ta wuce shi a gidana. Na sha ce masa akwai uwaye da yawa a fadama yanzu, ko wannan ta mutu ba a yi asara ba, ya daina wahalar da kansa. Bara da na matsa masa, ya ajiye buta ya dube ni.

"Na fadama naka ne, ka yi yadda ka so da su. Wannan ni na kashe ta, kuma a hannuna ta tashi. Matsa, ka tare mini wuri."